Agogo Mai Ido Ɗaya

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi magana a kan wani abu wanda kullum mu ke wucewa ta gabansa, amma ba mu cika tsayawa mu dube shi ba. Abin nan kuwa shi ne littafin sa hannu da a ke ajiyewa a bakin ƙofar ma'aikata, ko kuwa ƙanensa na zamani, watau na'urar nan da a ke dangwala wa yatsa da safe. Wani zai ce, to, mu masu koyon aikin malanta ina ruwanmu da agogon leburori? Da ruwanmu mana. Tuwon da mu ke ci wani ne ya tuƙa shi, ƙofar da mu ke barci a bayanta wani ne ya ke kwana yana gadinta, kuma gobe-gobe mu ne za a miƙa wa jan alƙalami, a ce mu ja layi a ƙarƙashin sunan wanda ya makara. Saboda haka gara mu san abin da alƙalamin nan ya ke yankewa tun bai zo hannunmu ba.

Abin da na ke ƙara a kansa shi ne, agogon ma'aikata yawancinsa ido ɗaya gare shi. Yana ganin shigowa, ba ya ganin fita. In lebura ya makara da minti 10, littafi ya sani, akawu ya sani, ran biya kuma aljihunsa zai sani. Amma in aka riƙe shi awa guda bayan tashi, don a gama sauke kaya ko a share ɗakin taro, ba inda za a rubuta wannan. A kasuwa muna da sunan mutumin da ya ke saye da babban mudu, ya sayar da ƙarami, kuma ba wanda ya ke so a kira ubansa da wannan suna. To, wanda a ke biyansa bisa awa ko bisa yini, lokacinsa shi ne hatsinsa, agogo kuwa shi ne mudun.

Da can, sa'ad da mutum zai ɗauki 'yan ƙwadago su yi masa noma, ba a bukatar littafi. A kama aiki da sassafe, a kawo musu fura ko kunu da hantsi, in azahar ta yi kowa ya saɓa fartanyarsa. Wanda ya ke so a yi masa aikin yamma, wannan wani ciniki ne dabam, da kuɗinsa dabam. In kuwa jinga aka yi, lokaci ba ya cikin lissafi sam, ka gama yau ko ka gama jibi, kai ka jiyo. Ban ce zamanin nan ba a cuci kowa ba, an yi cuta iri-iri. Sai dai rana tana sama, mai gona yana ganinta, ɗan ƙwadago yana ganinta, kuma ba wanda ya isa ya hau ya mai da ita baya.

Da aka shiga zamanin masana'antu a ƙasar Ingila, sai aka sami ranar da a ke iya mayarwa baya. Wani masanin tarihi, E. P. Thompson, ya tattara labarun ma'aikatan masaƙu na zamanin da a cikin wani rubutu da ya yi a 1967. A ciki akwai masu ba da labarin yadda a kan tura agogon masaƙa gaba da safe, a jawo shi baya da maraice, har ma'aikaci yana tsoron a gan shi da agogon aljihu, don kada a kore shi saboda ya san lokaci. Ku dubi wannan fa! Laifin mutum ke nan ya san ƙarfe nawa. Daga irin wannan hali ne aka yi ta gwagwarmayar neman a tsai da aikin yini a kan awa 8. A kanta aka zub da jini a birnin Shikago na Amurka cikin watan Mayu na 1886, kuma ita ce yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙulla a 1919, watau awa 8 a yini, awa 48 a mako, ga ma'aikatan masana'antu. Hutun ran 1 ga Mayu da mu ke jin daɗinsa, wanda Jihar Kano ta ba da a 1980, ƙasa duka ta bi a 1981, tushensa ke nan.

Na'urar rubuta lokaci kuwa wani mai sana'ar agogo da kayan ado ne ya ƙago ta, sunansa Willard Bundy, a Jihar New York, cikin 1888. Kowane ma'aikaci da ɗan mabuɗinsa mai lamba, in ya zura shi sai na'urar ta buga lambarsa da lokacin zuwansa a kan takarda. Daga baya aka koma buga kati. Kamfanin da aka kafa don ƙera ta yana cikin waɗanda aka harhaɗa suka zama IBM. A ganina na'urar nan ba abokiyar gaba ba ce. Ta fi tankifa mai son zuciya, wanda zai rubuta ɗan'uwansa ya zo ƙarfe 7 alhali bai ko tashi daga barci ba. Ƙarfe ba shi da ƙani, ba shi da suruki. Amma ƙarfe abin da aka gaya masa shi ya ke yi, kuma wanda ya saye shi shi ne ya ke gaya masa.

Bari in daɗe kaɗan a kan wata shari'a, don ita ce ta fi nuna abin da na ke nufi. A 1938 Amurka ta yi dokar da ta ce duk wanda ya yi aiki fiye da awa 44 a mako, a biya shi kowace awa ta ƙari da kuɗin awa ɗaya da rabi. A 1940 aka sauko da iyakar zuwa awa 40. Dokar kuma ta ɗora wa mai ma'aikata nauyin ajiye lissafin awoyin mutanensa. To, a wani gari da a ke kira Mount Clemens, a Jihar Mishigan, akwai masana'antar kwanonin tangaram mai ma'aikata wajen 1,200, faɗinta ya fi eka 8. Mutum zai buga katinsa a wurin agogo, sa'an nan ya taka zuwa wurin aikinsa, ya sa rigar aiki, ya shafa wa hannuwansa mai ko ya naɗe su, ya buɗe tagogi, ya kunna fitilu da injuna, ya wasa kayan aiki. Duk wannan ba a lissafa masa.

Ga yadda kamfanin ya ke lissafi. Ya raba awa gida huɗu, minti 15-15. In ka buga katin shiga, sai a fara ƙirga maka daga rubu'in da ke gaba. In ka buga na fita, sai a koma rubu'in da ya wuce. Watau mutum ya shiga ƙarfe 6:46, ya fita cin abinci 12:14, ya komo 12:46, ya tashi 4:14, amma a takarda an ce ya yi aiki daga 7 zuwa 12, da kuma daga 1 zuwa 4. Awa 8 cif. Minti 14 sau huɗu, watau minti 56, sun bi iska. Ku lura, ba a taɓa agogon ba, ba a tura shi gaba, ba a jawo shi baya ba. Gaskiya ya faɗa. A wurin akawu aka yi yankan, kuma ko yaushe wuƙar gefe ɗaya ta ke ci.

Ma'aikatan suka kai ƙara, magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda ta yanke hukunci cikin watan Yuni na 1946. Kotun ta ce tafiyar da mutum ya ke yi a cikin masana'anta zuwa wurin aikinsa, da shirye-shiryen da ba makawa sai ya yi su, aiki ne. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne maganar shaida. Kamfani ya kan ce wa ma'aikaci, to, kawo hujjar cewa ka yi minti kaza ran kaza. Ina lebura zai samo ta, alhali littafin yana ofis? Sai kotun ta ce, in mai ma'aikata bai ajiye lissafi na sosai ba, ba za a hori ma'aikaci saboda sakacin ubangidansa ba. Ya isa ya nuna ya yi aikin, ya kawo kimanin awoyin yadda hankali zai kama, sa'an nan nauyi ya koma kan kamfanin, ko ya kawo lissafin gaskiya ko ya biya.

Kada ku ce daga nan sai aka yi ta kiɗa da rawa. Cikin wata shida aka shigar da ƙararraki fiye da 1,500 a faɗin ƙasar, ana neman kusan dala biliyan 6. Hankalin masu masana'antu ya tashi, majalisar dokokinsu ta yi maza ta kafa wata doka a 1947, wadda ta fitar da tafiya zuwa wurin aiki da yawancin shirye-shiryen gaba da na baya daga cikin abin da a ke biya. Su kansu mutanen Mount Clemens, da aka mai da shari'ar ƙaramar kotu, alƙali ya ce mintocin da suka rage ba su taka kara sun karya ba, ya kori ƙarar. Sun yi noma, wasu suka ci. Gama ƙa'idar nan ta shaida ba ta mutu ba, har yau kotunan Amurka suna aiki da ita.

Gardamar kuwa ba ta ƙare ba. A 2014 Kotun Ƙolin nan ta ce lokacin da ma'aikatan rumbunan kayan Amazon su ke ɓatawa a layi, ana lalube su bayan tashi don kada su fita da kaya, ba dole ne a biya shi ba, ko da ya ke su ma'aikatan sun ce ya kan kai minti 25 kullum. A 2020 kuma babbar kotun Jihar Kalifoniya, bisa dokar jiharta, ta ce wa kamfanin Apple ya biya lokacin binciken jakunkunan masu yi masa aiki a kantuna. Ni dai na fi ganin gaskiyar ta biyun. Wanda ba shi da ikon tafiya gida sai ka sallame shi, ai a hannunka ya ke. A Turai ma, cikin 2019, kotun Tarayyar Turai ta ce wajibi ne a tilasta wa masu ma'aikata su kafa hanyar auna awoyin da kowane ma'aikaci ya yi kullum, don in babu awo, dokar iyakance lokacin aiki magana ce kawai ta fatar baki.

To, mu komo gida. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 13, ta ce awoyin aiki na yau da kullum su ne waɗanda aka yi yarjejeniya a kansu tsakanin ma'aikaci da mai ma'aikata, ko aka daidaita da ƙungiyar ma'aikata, ko wata hukumar tsara lada ta tsayar. Abin da ya haura wannan, in ji dokar, ƙarin lokaci ne. Ta kuma ce wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a yini, a ba shi hutun da jimlarsa ba ta gaza awa guda ba, kuma cikin kowane kwana 7 a ba shi yini guda cur, awa 24 a jere. In an ci masa ranar hutun nan, sai a rama masa da wata, ko a biya shi da kuɗin ƙarin lokaci. Amma ga inda gizo ke saƙa: dokar ba ta faɗi awa nawa ne yinin aiki ba, ba ta kuma yanka kuɗin awar ƙari ba. Ta bar wannan ga ciniki. Ciniki kuwa tsakanin mai neman abin da zai kai gida yau da wanda mutum hamsin ke jira a ƙofarsa, kowa ya san yadda ya kan ƙare.

Don haka ne wasu sassan dokar, waɗanda ba a cika ambatonsu ba, su ke da nauyi ƙwarai. Sashe na 7 ya ce kafin ma'aikaci ya wuce wata uku da kama aiki, sai an ba shi takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa, har da yawan ladansa, da yadda a ke lissafa shi, da awoyin aikinsa. Sashe na 75 ya ce mai ma'aikata ya ajiye lissafin lada da sharuɗɗan aiki, ya kuma adana shi har shekara uku. Sashe na 5 kuwa ya hana a yanke ladan ma'aikaci da sunan tara. Abin da ya yarda da shi shi ne a cire kimanin ɓarnar da mutum ya jawo da gangan ko da sakaci, shi ma sai jami'in ƙwadago ya yarda a rubuce tukuna. Yanzu ku gaya mini, wanda ya makara da minti 10 aka yanke masa kuɗin rabin yini, me aka yi masa in ba tara ba? A cire masa kuɗin minti 10 ɗin da bai yi aiki ba, wannan kowa zai gane. Sauran awa uku da minti 50 fa, ya yi su ko bai yi su ba?

Tun da ya ke mu malaman gobe ne, bari mu ɗauki alli. A 2024 aka tsai da mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan a kan naira 70,000 a wata, ko da ya ke dokar ba ta hau kan ma'aikatar da mutanenta ba su kai 25 ba. A ce mutum yana karɓar wannan, yana aiki kwana 26 a wata, awa 8 kullum. Awa 208 ke nan, kowace awa ta tashi wajen naira 337. To, a ce mai gadi ne, ya kama ƙarfe 6 na yamma ya sauka 6 na safe, kuɗin kuwa bai canja ba. Awoyinsa sun zama 312, awarsa ta faɗo wajen naira 224. Awa 104 da ya ƙara, ko da a farashin awa ta yau da kullum aka biya shi, ba ɗaya da rabi ba, naira 35,000 ne, rabin albashinsa daidai. Ko mu bar mai gadi, mu ɗauki minti 15 kacal da a ke riƙe mai shara kullum bayan tashi. A mako mai kwana 6 awa ɗaya da rabi ne, a shekara awa 78, watau kusan kwana 10 na aiki. Da za a ce wa mutum ya zo ya yi kwana 10 kyauta, da ya yi tsalle ya dire. Amma da aka gutsuttsura masa su minti-minti, sai ya haɗiye.

Yaya a ke yi ya haɗiye? Da kalma mai daɗi. Ba a ce masa zo ka yi ƙarin aiki, sai a ce, "Baba, don Allah taimaka mana, baƙi za su zo." Shi kuwa kunya ta hana shi tambayar kuɗi, ga kuma tsoron kada a ce ya cika ƙorafi, a nemo wani. A makarantu irin tamu kowa ya san lokutan da a ke neman wannan taimako: ran bikin yaye ɗalibai da masu dafa abinci za su kwana a bakin murhu, da lokacin jarrabawa, da daren da direba zai komo da 'yan ƙwallo ƙarfe 12 kuma a sa ran ganinsa ƙarfe 7, da safiyar da mai gadi zai yi ta tsayuwa don wanda zai canje shi bai iso ba. Taimako abu ne mai kyau, mu ma da shi aka san mu. Amma gayya da mu ka gada ramawa a ke yi: yau a gonarka, gobe a tawa, kuma mai gayya shi ke ciyar da jama'a. Gayyar da kullum a gonar mutum ɗaya a ke yinta, tana da wani suna.

Abin ya daɗa rikicewa tun da aka mai da aikin shara da gadi da dafa abinci hannun 'yan kwangila a wurare da yawa. Makaranta ta ce ita ba ma'aikatanta ba ne, ta biya ɗan kwangila. Ɗan kwangila ya ce shi awa 8 ya yi ciniki, wanda ya riƙe su bayan haka shi zai biya. Ma'aikaci yana tsakiya, kamar ɗan akuyar da aka saya da kuɗin haɗin gwiwa, kowa na cewa ɗayan ne zai ba shi dusa. Na'urar dangwala yatsa ma ba ta raba wannan gardama ba. Ana iya saita ta ta cire awar hutu kullum ko an huta ko ba a huta ba, ana iya saita ta ta daina ƙirga da zarar lokacin tashi ya yi, kuma abin da ta rubuta yana cikin kwamfutar ofis, inda mai yatsan ba ya gani. Gara ma tsohon littafi, ko ba kome mutum yana iya leƙawa.

Kada a ce na ɗauki gefe ɗaya. Masu ma'aikata su ma suna da kukansu, kuma ba na ƙarya ba ne. Akwai mai zuwa ƙarfe 9 ya rubuta 7:30. Akwai mai sa wa abokinsa hannu. Akwai wanda in ya ji ana biyan ƙarin lokaci, aikin awa biyu sai ya ja shi ya kai magariba. Makara kuwa ciwo ce da ta yi mana katutu, malamin da ya makara minti 10 ya ci minti 10 na yara arba'in. Ban ce a jefar da littafi ba, ban kuma ce a daina jan layi ba. Maganin mai jan aiki sananne ne: kada a yi ƙarin lokaci sai shugaba ya ba da izini, ya sa hannu. Amma in shugaba ya ga mutum yana aiki bayan tashi, ya kau da kai, ya ci amfanin aikin, ba shi da bakin cewa ai ban sa shi ba. Wanda ya ke so a gaskata littafinsa sa'ad da ya ce wane ya makara, sai ya yarda a gaskata littafin sa'ad da ya ce wane ya daɗe.

Saura mu kanmu. Dokar Ƙwadagon nan da na ambata, leburori da masu aikin akawu ta fi nufi, gama a sashe na 91 ta fitar da masu aikin shugabanci da na ƙwarewa daga cikin waɗanda ta ke kira ma'aikata. Saboda haka malami kada ya dogara da ita, abin da ke cikin takardar ɗaukarsa aiki shi ne madogararsa. Da yawa daga cikinmu makarantun kuɗi za su fara ɗauka, wasu ma bisa darasi za a riƙa biyansu. Kafin ka sa hannu, ɗan'uwa, ka tambaya: darasin yamma yana ciki? Zuwa ran Asabar fa? Duban takardun jarrabawa da cika sakamako, waɗanda a kan kwashe zuwa gida a yi su da fitila, a wane lissafi su ke? Tambayar nan ba rashin kunya ba ce, kuma ta fi sauƙi ran ɗauka bisa ga ran biya.

Ran da kuma aka ɗora ɗayanmu a kujerar hedimasta, abin da na ke roƙo ba shi da tsada. Littafin sa hannu ya zama da gurbin fita kamar yadda ya ke da gurbin shiga, da gurbi na uku inda shugaba zai sa hannu in ya riƙe mutum. Agogon da a ke aiki da shi ya kasance a bango inda kowa ke gani, a daidaita shi da na rediyo. In za a cike mintoci zuwa rubu'in awa don sauƙin lissafi, a cike su gaba da baya, wanda ya zo 7:05 a ce 7 ya zo, kamar yadda wanda ya tashi 4:05 za a ce 4 ya tashi. A yanka kuɗin awar ƙari tun farkon shekara, a rubuta, in kuwa babu kuɗi a rama wa mutum da hutu, shi ma a rubuce. Ƙarshen wata kuma a ba kowa 'yar takarda mai nuna awoyinsa, da abin da aka cire, da dalili.

Su kuma iyayenmu masu gadi da masu dafa abinci da masu shara, kafin a kai ga wannan, akwai abin da za mu iya yi musu tun yanzu. Wanda bai iya rubutu ba a cikinsu, ɗalibi ɗaya ya isa ya buɗe masa ɗan littafi na aljihu, kullum a rubuta ranar, da lokacin kamawa, da lokacin sauka, da sunan wanda ya ce a tsaya. Mai waya ya ɗauki hoton shafin da ya sa hannu. In magana ta taso, a fara da shugaban wurin cikin ladabi, ko ta bakin ƙungiyarsu in suna da ita. In ba a daidaita ba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi, sama da shi kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya danƙa wa shari'un da suka shafi aiki da lada. Ina kuma ba ƙungiyar ɗalibai shawara, a zamanta na gaba ta aika wakilai biyu su je bakin ƙofa da ɗakin girki, su nemi izini su duba littattafan sa hannu, su gani ko akwai gurbin fita, sa'an nan su kawo mana labari a fitowa ta gaba.